Yadda ake ziyartar Babbar Ganuwar Sin daga birnin Bejin

A shekarun da na yi ina zaune a Bejin, duk baƙon da ya sauka wurina, ɗan kasuwa ne da ya hauro daga birnin Gwanzu na kudancin Sin ko ɗalibi sabon zuwa, buƙatarsa ta farko ɗaya ce: a kai shi Ganuwa. Na raka mutane da zafi, na raka da ƙanƙara, na je da samari, na je da dattijo mai ciwon gwiwa. Abin da na lura shi ne yawancinmu da hoton badalar Kano muke zuwa a zuci, katanga a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda za ka hau ka ɗan zaga ka sauko. Ganuwar da ke kusa da Bejin kuwa a kan ƙoƙuwar duwatsu aka ɗora ta, inda dutse ya hau ta hau, inda ya gangara ta gangara. Ziyararta hawan dutse ne a kan matakala, don haka shirin hawan dutse za ka yi mata.

Sunayen tashoshi da wurare na bar su yadda za ka gan su a alluna da cikin waya, domin kada ka ɓata wajen nema. Su 'yan ƙasar Changcheng suke ce wa ganuwar, wato doguwar katanga.

Kayan da za ka tanada

Fasfo, ainihinsa ba hotonsa ba. Da lambarsa ake sayen tikitin shiga da na jirgin ƙasa, kuma shi ake haskawa a ƙofa. Na taɓa ganin wanda ya bar nasa a otal don tsoron kada ya ɓace, ya yi tafiyar awa biyu, ya kuma ɓata wata awar yana roƙo a bakin taga. Biza kuwa tun daga gida ake gama maganarta. 'Yan Najeriya ba sa cikin waɗanda Sin ke bari su shiga yawon buɗe ido ba biza.

Waya mai intanet da manhajoji huɗu: Alipay ko WeChat don biyan kuɗi, Amap don taswira, Didi don kiran mota, sai wata manhajar fassara da ke aiki ko babu intanet. Alipay da WeChat suna karɓar katin banki na ƙasashen waje irin Visa da Mastercard, amma ka haɗa katin ka gwada sayen ruwan gora da shi tun kafin ranar tafiya. Google da WhatsApp da Facebook ba sa aiki a layin Sin. In ka bar layinka na gida a buɗe suna aiki, sai dai da tsada. Idan katinka ya ƙi haɗuwa, ka riƙe tsabar kuɗin ƙasar, wato yuwan, kamar 500 a ƙananan takardu, domin masu ƙananan shaguna da yawa ba su da canjin ɗari.

Fawa banki, saboda sanyi da ɗaukar hoto suna shanye batir. Mai zuwa daga Gwanzu ta jirgin sama ya kula: tun Yunin 2025 ba a barin fawa bankin da ba shi da tambarin ingancin kaya na Sin, wato CCC, ya shiga jiragen cikin gida. Sukan karɓe shi a wurin bincike. Sai ka sayi wani a can.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Kambas mai ƙasan roba wanda ƙafarka ta saba da shi. Ban da silifas, ban da takalmin fata mai santsi, ban da sabon takalmi fil da ba ka taɓa yini da shi ba. Tubalin ganuwar ya sha taku har ya yi sulɓi.

Sutura. Na san muna son hoto cikin kaftani da hula, kuma yana kyau ƙwarai a kan ganuwa. Ka sa kaftani mai tsayawa a gwiwa, ko ka naɗe shi a jaka ka zura in an zo hoto. Babbar riga kam a bar ta a otal, domin iska tana cika ta kamar tanti, bakinta kuma yana shiga ƙarƙashin ƙafa a kan matakala. Mata su sa wando a ciki, abaya ko zane kada ya ja ƙasa, a kuma daure mayafi da fil saboda iska. Daga Nuwamba zuwa Maris sai da rigar sanyi mai kauri, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne. Sanyin can ya wuce na hunturunmu nesa ba kusa ba, ruwa daskarewa yake yi a gora.

Guzuri: ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da dabino, gyaɗa, burodi, dafaffen ƙwai, ayaba. A sama akwai masu talla, amma farashin ya ninka. Sai gorar ruwa daban don tsarki da takardar goge hannu, domin banɗakunan wurin ba buta, sau da yawa ma ba takarda. Kada ka saka wuƙa a jaka, ko ta yanka lemo ce. Ana haska jakunkuna a kowace tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ta jirgin ƙasa.

1. Zaɓi sashe ɗaya

Ganuwar ba katanga guda ba ce. Ƙididdigar da hukumar kula da kayan tarihi ta Sin ta fitar a 2012 ta ce jimillar katangun da dauloli daban-daban suka gina ta kai kilomita 21,196. Wadda ake gani a hotuna, mai tubali da hasumiyoyi, ta daular Ming ce wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, kuma ita kaɗai ta kai kimanin kilomita 8,850. Kai dai kilomita biyu ko uku za ka taka. Saboda haka tambayar ita ce wane sashe.

Badaling ya fi kowanne suna kuma ya fi sauƙin isa, yana arewa maso yammacin Bejin, wajen kilomita 70. Tun 1957 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, kuma can aka saba kai shugabannin ƙasashe. Hanyarsa tana da faɗi, akwai ƙarfen dafawa. Matsalarsa cunkoso. Sai da ta kai a 2019 aka ƙayyade cewa mutum 65,000 ne kawai za su shiga a rana, ka ga ke nan yawan da ake magana a kai.

Mutianyu yana arewa maso gabas, a gundumar Huairou, shi ma kusan nisansu ɗaya. Daji ya kewaye shi, mutane ba su kai na Badaling yawa ba, kuma akwai hanyoyin hawa da sauka da suka dace da mai ƙarfi da marar ƙarfi. Duk wanda ya tambaye ni a karon farko, musamman mai iyali, nan nake kai shi, kuma a kansa zan fi tsayawa a wannan bayani.

Jinshanling ya fi nisa, ya shiga lardin Hebei, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi a mota. Wani ɓangarensa an gyara, wani an bar shi yadda zamani ya mayar da shi. Ga mai son doguwar tafiya da hoto babu kamarsa, amma yini guda cur yake ci. Simatai da ke kusa da shi ana hawansa da dare cikin fitilu, ta garin shaƙatawa na Gubei ake shiga. Juyongguan ya fi kusa da gari, sai dai matakalarsa a miƙe take sosai. A can akwai wani dandamalin farin dutse na zamanin daular Yuan mai rubutu iri shida a jikinsa, ya cancanci tsayawa in hanya ta biyo da kai.

Jiankou kuwa, wanda za ka ga hotunansa masu ɗaukar ido a intanet, kango ne da ba a buɗe shi ga jama'a ba. Tubali yana zamewa, mutane sun faɗo a can. Kada wani direba ko ɗan rakiya ya rinjaye ka.

Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa sassa biyu a rana ɗaya, ko haɗa ganuwa da Fadar Sarakuna ta tsakiyar gari. Ƙarshenta a mota za ka yini.

2. Zaɓi rana

Satumba zuwa farkon Nuwamba ya fi: sama garau, ba zafi, ganyaye sun koma ja da rawaya. Sai Afrilu da Mayu, ko da yake wani lokaci iska kan taso da ƙura daga hamadar arewa, kamar hazonmu. Yuli da Agusta zafi ne da gumi da ruwan sama, ga yara suna hutu. Hunturu wurin kusan naka ne kai kaɗai, in za ka iya da sanyi.

Ranakun da ba a zuwa sam: makon hutun ƙasa daga 1 zuwa 7 ga Oktoba, kwanakin farko na Mayu, da hutun sabuwar shekarar gargajiyarsu da ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. A irin waɗannan ranaku kafaɗa da kafaɗa ake tafiya a Badaling. Ka zaɓi tsakanin Litinin da Alhamis. Juma'a ka bar ta don masallaci.

Daren jajibiri ka duba yanayi. In an ce za a yi hadari da tsawa, ɗage tafiyar. Kana kan tsololuwar dutse ne, babu abin da ya fi ka tsayi sai hasumiya, kuma aradu ta taɓa kashe mutane a kan ganuwar.

3. Sayi tikiti tun kafin ka kwanta

Kuɗin shiga Badaling ko Mutianyu wajen yuwan 40 ne. Abin da ke ƙara kuɗin shi ne na'urorin hawa. A Mutianyu, in ka haɗa shiga, da bas ɗin cikin harabar, da hawa da sauka a na'ura, ka ƙiyasta kusan yuwan 200 ga mutum ɗaya.

Ana saya ta shafin wurin a cikin WeChat, ko ta Trip.com wanda ke da Turanci. Ka shigar da suna da lambar fasfo daidai yadda suke a rubuce, harafi ɗaya ya kuskure na'urar ƙofa ba za ta buɗe ba. In abin ya gagare ka, ma'aikacin karɓar baƙi na otal zai yi maka cikin minti biyar. A Mutianyu akwai tagar sayarwa a wurin, a ranakun aiki za ka samu. Badaling kam kada ka dogara da taga a lokacin cunkoso.

Gargaɗi mai muhimmanci: a wajen dandalin Tiananmen da bakin tashoshi za a miƙo maka takarda mai hoton ganuwa, yawon yini guda a farashin da bai kai na abincin rana ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani baƙona ya bi irinsu ban sani ba. Aka zaga da su shagon duwatsun ado, da wurin sayar da maganin gargajiya, da kantin busasshen 'ya'yan itace, sannan aka ba su abin da bai kai awa ɗaya ba a kan ganuwa. In za ka shiga ayari, tambaya ta farko ita ce ko ana tsayawa sayayya, ta biyu kuma awa nawa za a yi a kan ganuwar kanta. Ƙasa da uku, ka haƙura da su.

4. Kama hanya da sassafe

Da sanyin safiya ake kama fara. A Mutianyu ana buɗe ƙofa wajen bakwai da rabi a lokacin zafi, takwas a hunturu, manyan motocin ayari kuma wajen goma suke fara sauke mutane. Waɗannan awanni biyu na tsakani su ne ribar ranar. Ka bar otal ƙarfe shida.

Zuwa Mutianyu hanya uku ce. Mafi sauƙi ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki shatar mota ta yini, ta otal ko ta Didi, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ku yi ciniki a kan zuwa da jira da dawowa, ku tabbatar kuɗin ƙofofin babbar hanya yana ciki, kuma kada ku biya duka sai an dawo da ku. Ku ɗauki hoton lambar motar. Ta biyu, bas-bas na masu yawon buɗe ido da ke tashi daga tsakiyar gari kai tsaye zuwa ƙofar, ana kama kujera ta intanet. Ga mai tafiya shi kaɗai ita ce ta fi.

Ta uku ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi: jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 zuwa Dongzhimen, daga nan bas mai lamba 916 ta gaggawa zuwa garin Huairou, sannan ƙaramar bas ko tasi zuwa ganuwa. Tana cin awa biyu da rabi ko fiye. A wannan hanya akwai tarko. Da kun shiga Huairou wani zai leƙo cikin bas, wani lokaci da riga kamar ta ma'aikata, yana cewa “Mutianyu, Mutianyu”, yana yi maka alama ka sauko. Direban haya ne, so yake ya sauke ka tun ba ka kai ba ya tsuga maka kuɗi. Ka zauna abinka, ka bi abin da taswirar wayarka ta nuna.

Zuwa Badaling jirgin ƙasa mai gudu ya fi komai. Layin Bejin zuwa Zhangjiakou da aka buɗe a ƙarshen 2019 yana da tasha a ƙarƙashin ganuwar, zurfinta ya haura mita 100. Ana hawa a tashar Beijing North da ke Xizhimen ko a Qinghe, tafiyar ba ta wuce minti ashirin zuwa arba'in ba. Tikiti a manhajar jiragen ƙasa ta 12306 ko Trip.com, ana fara sayarwa kwana 15 kafin ranar, kuma na safe yana saurin ƙarewa. Ka sayi na dawowa tare. In ba ka samu ba, akwai bas mai lamba 877 wadda ta daɗe tana tashi daga Deshengmen. Ka duba Amap ka tabbatar da inda take tashi a ranar, kuma ka shiga wadda lambar ke jikinta kawai, ba wadda ɗan kamasho ya nuna maka ba.

Ɗan kasuwar da ke Gwanzu ya sani cewa Bejin ba nan kusa ba ce: awa uku a sama, ko wajen awa takwas a jirgin ƙasa mai gudu. Ka ware kwana uku, na zuwa, na ganuwa, na komawa.

5. Daga ƙofa zuwa kan ganuwa

A Mutianyu inda mota ta sauke ka ba nan ne gindin ganuwa ba. Za ka ratsa layin shaguna, ka hau bas ɗin harabar ta haura da kai na 'yan mintoci. Ka shiga banɗaki a nan, ka yi alwala in kana so, domin a sama samunsa da wuya.

Hasumiyoyin suna da lambobi, kuma da su ake kwatance. Hanyar hawa uku ce. Akwai motar igiya, rufaffen akwati mai gilashi da ke kai ka hasumiya ta 14. Akwai kujerar igiya, buɗaɗɗiya ƙafafunka na lilo, tana kai ka hasumiya ta 6. Akwai kuma matakalar ƙafa ta cikin itatuwa, minti talatin zuwa arba'in na hawa zalla.

A nan mutane suke asarar kuɗi. Motar igiya da kujerar igiya kamfanoni biyu ne daban, tikitin wannan ba ya aiki a wancan. In ka sayi na zuwa da dawowa a motar igiya, dole ka komo 14 ka sauka. Tsarin da na fi so shi ne ka sayi na hawa kawai a motar igiya, ka taka daga 14 zuwa 6 wanda yawancinsa gangara ne, sannan ka sauka daga 6 da tikitin sauka kawai. Mai dattijo ko ƙananan yara ya sayi zuwa da dawowa a motar igiya, su zaga tsakanin 14 da 15 su dawo. Wannan ma ya isa, ganuwar da suka gani ita ce dai kowa ya gani.

Shawarata ga wanda ba ɗan motsa jiki ba: kada ka hau da ƙafa don tsimin kuɗi. Za ka isa sama ƙarfinka ya ƙare tun ba a fara ba.

6. Tafiya a kan ganuwa

Daga 14, in ka juya ta ɓangaren hawa, lambobi suna ƙaruwa har 20, inda sashen da aka gyara ya ƙare. Tsakanin 19 da 20 ɗaruruwan matakala ne a tsaye kamar tsani. Mai lafiya da ƙarfi ya gwada, abin da ido zai gani daga can ya biya wahalar, amma ka ware awa biyu zuwa da dawowa. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ko mace mai ciki, su bar shi. In ka kai allon da ya ce a tsaya, ka tsaya.

Matakalar ba daidai take ba. Wata ba ta kai tafin hannu ba, ta gaba da ita ta kusa gwiwa. Saboda haka ƙafa ba ta sabawa, dole ido ya riƙa kallon ƙasa. In za ka kalli nesa ko ka ɗauki hoto, tsaya cak tukuna. Yawancin faɗuwar da na gani na masu tafiya suna kallon waya ne, kuma a gangara, ba a hawa ba. A wuri mai tsananin gangara ka juya gefe, ka dafa bango, ka sauka taki ɗaya ɗaya. Ka huta a kowace hasumiya, akwai inuwa da iska, ka kurɓi ruwa ko ba ka ji ƙishi ba.

Ka kuma ba wa ginin kansa lokaci, kada hoto ya cinye ranar. Duba bangon gefe mai haƙora-haƙora inda maharba ke fakewa. A yawancin sassa ta ɓangaren abokan gaba kawai ake yin sa, amma a Mutianyu ta ɓangarorin biyu aka yi, alamar muhimmancin wurin wajen tsaron babban birni. Duba ƙananan ramukan da ke ƙasan bango na leƙe da harbi, da magudanan dutse masu zubar da ruwan sama. Farin abin da ke tsakanin tubali farar ƙasa ce, wadda maginan Ming a wurare da dama suka cakuɗa da kunun shinkafa mai danƙo, shi ya sa ta yi ƙarko haka. Hasumiyoyin ɗakunan kwana ne da rumbun makamai na sojoji. Yawancin irinsu a wannan yanki an gina su ne daga wajen 1569 a ƙarƙashin janar Qi Jiguang. Da hayaƙi da rana, da wuta da dare, ake isar da labarin mahara daga tudu zuwa tudu har ya kai gari. Ni kam duk zuwan da na yi, in na tsaya a tagar hasumiya, tunanina kan tafi ga waɗanda suka ɗauko wannan tubali a ka da bayan dabbobi suka hauro da shi nan.

Kada ka rubuta sunanka a jikin tubali, kada ka ɓalli ko ɗan gutsure don tsaraba. Dokar kare ganuwar ta 2006 ta hana, akwai tara, akwai kyamarori. Wuri ne da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1987. Sharar ka ma ka sauko da ita.

Wani abu da ya kamata ka sani tun da wuri: za a kalle ka, za a kuma nemi ɗaukar hoto da kai. Da yawa daga masu ziyarar daga ƙauyuka masu nisa suka zo, wasu ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Galibi sha'awa ce ba raini ba. In ka ga dama ka tsaya, in ba ka so ka ɗaga hannu ka ce “bu yau”, wato ba na so. Ita ce kuma kalmar da za ka faɗa wa masu talla. Na gode kuwa “shiye-shiye”.

7. Salla da abinci

Babu masallaci a kan ganuwa. In ka bi tsarin sammako, kafin azahar ta yi nisa ka sauko, kafin la'asar kana gari. Da hunturu rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, sai a kula. In lokaci ya kama ka a can, ka nemi gefe a ƙasa inda ba hanyar mutane ba, ka shimfiɗa ƙaramar darduma ka yi ba tare da tara jama'a ko ɗaga murya ba, domin dokar ƙasar ta keɓe ibada a bainar jama'a ga wuraren ibada. Maganar ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kana gida.

Alƙibla kuma ba gabas take ba. Mu da muka tashi muna cewa “fuskantar gabas”, a Bejin yamma ake fuskanta, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa. Na sha juya baƙi a kan darduma saboda wannan.

Abincin gindin ganuwa kada ka yarda da shi sai ka ga alamar 清真, ana furta ta kamar “cing-jan”, ita ce halal a wurinsu. Ka ajiye hotonta a waya. Kada ka jira ganin rubutun Larabci, yawancin shagunan Bejin sun cire shi. Ko miyar ganye ce a gidan abincin da ba na Musulmi ba, tana iya zuwa da man alade. Ka ci guzurinka a sama, ka adana yunwarka har unguwar Niujie, unguwar Musulmin ƙabilar Hui, inda masallacin da aka kafa tun shekarar 996 yake. A can za ka samu naman rago da taliyar hannu da tsire irin nasu hankali kwance.

8. Saukowa da komawa gari

Daga hasumiya ta 6 za ka iya sauka a kujerar igiya, ko a ƙaramin keken da ke zamewa cikin kwararon ƙarfe har ƙasa. Sanda ɗaya gare shi a tsakiya: ka tura gaba ya tafi, ka ja baya ya tsaya. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, kada ka tsaya a tsakiyar hanya don hoto, na bayanka zai buge ka. Ana rufe shi in ana ruwa ko ƙanƙara, kuma akwai ƙa'ida a kan tsofaffi da ƙananan yara, sai ka tambaya kafin ka biya. In an rufe, kujerar igiya tana nan, matakalar ƙafa ma tana nan.

Ka san lokacin da na'urori ke tsayawa da lokacin bas ta ƙarshe tun da safe, ka ɗauki hoton allon. Mai komawa ta jirgin Badaling ya isa tasha da rabin awa a hannu, domin saukar zuwa ƙarƙashin ƙasa tana cin lokaci kuma suna rufe ƙofa da wuri fiye da sauran tashoshi. Mai mota ya kama hanya kafin ƙarfe uku, in ba haka ba cunkoson yamma zai tare shi a bakin gari.

Tsaraba a layin shagunan ƙasa ciniki ake yi kamar a kasuwar Kurmi. Farashin farko na baƙo ne, ka taya kashi ɗaya cikin uku, in an ƙi ka yi gaba, shago na gaba yana da irin kayan.

Washegari da jibi cinyoyi da sha-raɓa za su yi tsami, na jibin ma ya fi. Kada ka sa zagayen kasuwa ko doguwar tafiyar ƙafa a safiyar da ke biye. Ka jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, in kuma jirgi za ka hau zuwa Gwanzu, ka zaɓi na rana ba na asuba ba.